Amurka: Ba Hatimi, Ba Kuɗi

A ƙarƙashin dokar 1980, gwamnatin tarayyar Amurka ke biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu kula da yaran da aka raba da iyayensu. Sai dai baitulmali ba ya buɗewa haka kawai: wajibi ne sashen jami'ar da ke koyar da aikin ya samu amincewar hukumar tantancewa, ko ya kasance cikin jerin masu jiranta. Hukumar kuwa ita ce CSWE, ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1952.

Sharaɗin yana da hujja. Mutumin da zai shiga gida ya ba alƙali shawarar a ɗauke yaro ko a bar shi, bai dace ya fito daga makarantar jeka-na-yi-ka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsadar hatimin. Sai makaranta ta ɗauki malamai na dindindin, ta biya kuɗin tantancewa, sannan ta yi kimanin shekara 3 ana bincikenta. Babbar jami'a ba ta jin wannan nauyi. Ƙaramar makarantar karkara, inda ma'aikatan suka fi ƙaranci, ita ke durƙushewa. Tun da gwamnati ce ta gindaya sharaɗin, ya kamata ta ɗauki wani ɓangare na kuɗin cika shi.