Ƙuna Ta Warke, Zuciya Ba Ta Huta Ba

Sharhinmu na yau a kan waɗanda wuta ta ci ne, amma Allah Ya yi da sauran shan ruwansu a gaba.

Ranar 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta kife a Majiya ta Jihar Jigawa, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Waɗanda suka tsira sun sha jinya. Yau in aka haɗu da ɗayansu a kasuwa, wuya da hannu duk tabo, gaisuwar ɗaya ce: "Sannu, ashe an warke." Fatar kam ta warke, sai dai akwai sauran rina a kaba, domin wahalar da zuciya ta sha ba ta fitowa a ido.

Likitoci kan auna ƙuna da tafin hannun majinyaci: tafi ɗaya haɗe da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jiki. Idan ƙuna ta haura kashi 30, jiki gaba ɗaya ta taɓa. A kwana biyun farko ruwan jini kan tsiyaye daga jijiyoyi ya shige nama, mutum ya kumbura, jinin da ke komawa zuciya ya ragu. Shi ya sa ake ta ƙarin ruwa, leda bayan leda. Daga nan lamarin ya juye. Jiki ya shiga kwararo sinadarin firgita, wato adiranalin, wanda ke sa gabanka dukan uku-uku in ka yi kiciɓis da maciji. Ga mai lafiya, minti kaɗan ya lafa. Ga wanda ya ƙone, ba ya lafawa. Yana kwance a gado, zuciyarsa na bugu kamar ta mai tsere, yana cin abinci yana ramewa.

A asibitin yara na Shriners da ke Galveston a Amurka, an gano wannan hali kan kai shekara uku bayan ƙunar. A can ne, a 2001, Dokta David Herndon da abokan aikinsa suka nuna cewa maganin propranolol na rage gudun zuciyar yaran da suka ƙone, yana kuma hana namansu zubewa. Da aka sake duba wasu da suka ƙone tun suna yara, bayan shekara goma da ɗoriya, an tarar da tabo a naman zuciyar wasunsu. A Yammacin Ostireliya ma, bayanan asibitoci sun nuna waɗanda suka taɓa ƙonewa sun fi sauran jama'a kwanciya saboda ciwon zuciya da jijiyoyin jini.

To, mu a nan da zarar an daina wankin ciwo sai mu ce jinya ta ƙare. Yaron da ya faɗa tukunyar ruwan zafi in ya girma yana haki wajen ƙwallo, sai a ce raki ne. Matar da risho ya fashe da ita in ta ce gabanta na faɗuwa, sai a ce tsoro ne bai sake ta ba.

Duk wanda ya sha ƙuna mai tsanani ya riƙa zuwa ana auna masa hawan jini da bugun zuciya, ya kuma faɗa wa likita labarin ƙunar ko da ta shekara ashirin. Haki, kumburin ƙafa, ko kasa kwanciya sai an tara matasai, alamu ne na a garzaya asibiti. A bar taba, a rage gishiri. Kada kuma wani ya ji sunan propranolol ya nufi kemis, domin yana da haɗari ga mai asma, sai da izinin likita. Su kuma asibitocinmu, ranar sallamar majinyaci su rubuta masa ranar dawowa duba zuciya a jikin katinsa.

Allah Ya tsare mu da gobara.