Kafin Mu Ce "Ai Haka Ake Yi A Amurka"

Jama'a, duk sanda 'yan bindiga suka afka wa ƙauye, sai wasu cikinmu su ce a bar kowa ya mallaki bindiga, wai haka tsarin mulkin Amurka ya tanada. To, an karanta kuwa?

Gyaran fuska na biyu, na 1791, da maganar dakarun sa-kai masu tsari ya fara, kafin ya ambaci haƙƙin jama'a na riƙe makami. Masu rubuta shi ba su daɗe da rabuwa da sojan Ingila ba, kuma rundunar gwamnati ta dindindin suke tsoro. Sai a 2008 Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin na kowane mutum ne, shi ma da ƙyar: alƙalai 5 suka rinjayi 4. Alƙali Scalia da ya rubuta hukuncin ma cewa ya yi haƙƙin yana da iyaka.

Namu na 1999 babu wannan sashe sam. Da Matawalle ya ce Zamfarawa su nemi bindiga a 2022, babban hafsan tsaro ya ce gwamna ba shi da hurumi.

Mu dai matsayarmu ɗaya: a gyara sashe na 214, jihohi su kafa 'yan sandansu, da horo da rajistar kowace bindiga.