Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Darasi Daga Famfon Lilo da M-Pesa

A fagen ƙere-ƙere akwai tsarin aiki da ya ginu kan ƙa'ida guda: kafin a ƙera wa mutum abu, a fara sanin mutumin. Matakansa sanannu ne. Maƙeri zai je ya zauna da waɗanda matsalar ta shafa, ya tantance ainihin abin da ke damun su, ya haɗa samfuri mai arha, ya ba su su gwada, sannan ya koma ya gyara bisa abin da ya gani. Mataki mafi wuya shi ne na ƙarshe, domin yana buƙatar maƙeri ya yarda cewa dabarar da yake alfahari da ita tana iya zama kuskure. Misalai biyu daga nahiyar Afirka sun isa shaida.

Na farko shi ne famfon PlayPump da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu. Wani lilo ne mai juyawa da aka haɗa da rijiyar burtsatse: yara na wasa a kansa, ruwa na hawa zuwa tanki, tallace-tallacen da aka liƙa a jikin tankin kuma su biya kuɗin gyara. A takarda babu abin kushewa. Bankin Duniya ya ba shi lambar yabo a 2000, a 2006 kuma uwargidan shugaban Amurka, Laura Bush, ta sanar da tallafin dala miliyan 16.4 domin yaɗa shi. Amma da aka kafa shi a ƙauyukan Mozambik da maƙwabtanta, sai gaskiya ta yi halinta. Yara ba sa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa, kuma lilon na da nauyin turawa. Sai ya zamana mata, har da tsofaffi, su ne ke kewaya shi da ƙarfin damtse. A wasu wuraren ma an cire famfon tuƙa-tuƙa da mutane suka saba da shi aka sa wannan, wanda ya fi tsada, ya kuma fi wuyar gyara. A 2009 jaridar Guardian ta Ingila ta lissafa cewa sai yara sun yi wasan awa 27 a kowace rana kafin a cimma adadin ruwan da aka yi alkawari. An yi ƙirar ne domin burge masu ba da tallafi, an manta da mai ɗaukar tulu.

Na biyu shi ne M-Pesa na ƙasar Kenya. A 2005 kamfanonin Vodafone da Safaricom suka fara gwajinsa a garin Thika, da nufin sauƙaƙa wa masu karɓar ƙananan basussuka biyan bashinsu ta wayar salula. Da masu aikin suka bi diddigin yadda ake amfani da shi, sai suka tarar mutane sun karkata shi zuwa wasu buƙatu: wani ya tura wa ɗan'uwansa kuɗi, wani ya biya abokin ciniki, wani ya ajiye kuɗinsa a ciki kafin ya kama hanya don gudun ɓarayi. Ba su ɗauki wannan a matsayin saɓa ƙa'ida ba. Sun ajiye manufarsu ta farko, suka bi sawun jama'a. Da aka ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007, an tallata shi ne a matsayin hanyar aika kuɗi gida, yana aiki a kan ƙaramar waya, ana kuma saka kuɗi da cirewa a shagunan unguwa.

Masu suka kan ce wannan tsari na cin lokaci da kuɗi, kuma sau da yawa mutane ba su san abin da suke so ba sai sun gan shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai tsarin bai tsaya ga tambaya ba. Ginshiƙinsa shi ne lura da abin da mutane ke aikatawa. Babu wanda ya rubuta wa Safaricom takardar neman hanyar aika kuɗi, aikin hannun mutane ne ya yi magana. Batun tsada kuwa, kuɗin zama wata guda a ƙauye bai kai na tanki guda da ya bushe ba.

Darasin ya shafi ƙasar Hausa kai-tsaye. Manhajojin banki da na neman aiki ko tallafi galibi da Turanci suke, suna kuma ɗauka cewa kowa na da babbar waya da intanet. Ga dattijon da ya ƙware a ajami amma boko ya yi masa nisa, ga matar da ta fi sakewa da saƙon murya a WhatsApp, ga iyalin da waya ɗaya ke zagaya su. Yawancin irin waɗannan sun gwammace su miƙa kati ga mai POS, wani lokaci har da lambar sirri, saboda an ƙera abin ba tare da su ba.

Fassara kaɗai ba za ta warware wannan ba. Kalmar da aka ƙirƙira a ɗakin taro, ba a gwada ta a bakin 'yan kasuwar Kurmi ko Dawanau ba, tana iya zama wani sabon shinge. Ya kamata sassan nazarin Hausa da na kimiyyar kwamfuta su haɗa ɗalibansu a aikin bincike guda, a kuma auna nasarar aikin da yawan mutanen da suka iya sarrafa abin ba tare da an kama musu hannu ba. Tun ran gini ake zane.