An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Raddi Kan Zargin Da Ake Yi Wa Shirin The Vampire Diaries

Daga cikin shirye-shiryen ƙasashen waje masu dogon zango da suka samu shiga wayoyin matasan Kano akwai The Vampire Diaries, wanda tashar The CW ta Amurka ta fara nunawa a watan Satumba na 2009, ta kuma kammala shi a watan Maris na 2017 bayan zango 8 da kashi 171. Kevin Williamson da Julie Plec ne suka tsara shi daga littattafan L. J. Smith da suka fara fitowa a 1991. Labarin wata marainiya ce 'yar sakandare mai suna Elena Gilbert, a wani ƙagaggen gari da ake kira Mystic Falls, wadda ta tsinci kanta tsakanin wa da ƙani, Damon da Stefan Salvatore, waɗanda suka zama mashaya jini tun 1864. Mashayin jini a almarar Turawa shi ne mamacin da ya tashi, ba ya tsufa, kuma jinin ɗan Adam ne abincinsa. Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu a majalisun unguwanni irin su Rijiyar Lemo da Kurna, wanda ke cewa wannan shiri da ire-irensa makarantar sihiri ce, baƙon abu ne ga Bahaushe, ƙofa ce ta shigar aljanu, kuma maganinsa shi ne hukuma ta haramta shi. Kishin masu wannan ra'ayi abin yabo ne, amma hujjojinsu ba su tsaya da ƙafafunsu ba, kuma mafi muni shi ne sun kawar da hankalin iyaye daga inda ɓarnar take.

Sun ce kallon labarin da ake yin tsafi a cikinsa yarda ne da tsafi. Amsa ita ce malamai sun daɗe da bambance hikaya, wato ba da labarin abu, da i'itiƙadi, wato ƙudurce shi a zuci, kuma a kan wannan ne suka kafa ƙa'idar cewa mai hakaito kafirci bai zama kafiri ba saboda hakaitowar kawai. Alƙur'ani mai girma kansa ya ba da labarin matsafan Fir'auna da na Haruta da Maruta. Idan aka ce wancan labarin gaskiya ne, wannan kuwa ƙage ne, sai a ce musu ai Muƙamatul Hariri, wanda almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan Kano don ƙwarewa a lugga, ƙage ne daga farkonsa har ƙarshensa, domin muƙama 50 ɗin nan duk a kan wani ɗan duniya mai suna Abu Zaid as-Saruji aka gina su, mutumin da ke cin abinci da yaudara, kuma marubucin, wanda ya rasu a 1122, ya kare kansa tun a gabatarwa ta hanyar kwatanta aikinsa da labaran da ake sanyawa a bakin dabbobi don koyarwa. Ba a taɓa jin an ce mai karatun Muƙama yana koyon damfara ba.

Haka kuma wanda ya kalli shirin da idon basira zai ga cewa tsafi ba ya fitowa a cikinsa a matsayin hanyar samun sauƙi. Bonnie Bennett, ƙawar Elena, ita ce matsafiyar labarin, kuma babu wanda ya kai ta shan wuya. Kakarta Sheila ta mutu tun a zango na farko bayan ta taimaka mata wajen buɗe wani kabari da tsafi, ita kanta Bonnie ta rasa ranta a ƙarshen zango na 4 wajen dawo da Jeremy, ƙanin Elena. Sau da yawa idan ta yi wani babban aiki sai jini ya zubo mata ta hanci, ko ta rasa wani nata. Abin da ya fi cancantar tsokaci game da Bonnie ma shi ne yadda aka mai da yarinya baƙar fata baiwar bukatun ƙawayenta farare, batun da masu sharhi a Amurka suka daɗe suna ƙorafi a kai, amma masu sukar gida ba su ko lura da shi ba.

Sun ce labarin halittun ɓoye baƙo ne ga Bahaushe. Wannan magana ba ta bukatar dogon bayani. Yaron da ya tashi da tatsuniyar Dodo da Gizo da Ƙoƙi bai jira Amurka ta koya masa tsoron abin da ke cin mutane ba. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara duk sun kai jarumansu ƙasar aljanu, kuma shekaru da dama ana karantar da su a makarantu ba tare da an ce sun ɓata aƙidar kowa ba.

Sun ce irin waɗannan shirye-shirye ne ke jawo faɗuwar 'yan mata a makarantu. Wannan da'awa ce, kuma mai da'awa shi ke kawo hujja. Faɗuwar ɗalibai mata da aka yi wa laƙabi da Sumbuka ta auku a Kano a tsakiyar shekarun 1990, fiye da shekara 10 kafin a ɗauki kashi na farko na wannan shiri, kuma a wancan lokacin fina-finan Indiya aka ɗora wa laifi. Kafin nan ma, bayan buɗe sinimar Rex a Sabon Gari a 1937, da kuma gobarar sinimar El Duniya a 1951 wadda ta halaka fiye da mutum 300, an yi ta danganta majigi da fushin Ubangiji da aikin shaiɗanu. Kowane zamani yana samun abin kallon da yake jingina wa tsoronsa, kuma maimaita zargi ba ya mai da shi dalili. Illar wannan fahimta ita ce yarinyar da ke fama da damuwa, ko firgici, ko wani cin zarafi da ta kasa faɗa, sai a ƙwace wayarta a ce an gano bakin zaren, alhali ba a tambaye ta komai ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba abin da masu zargin suka tsallake, domin an bar jaki ana dukan taiki. Shirin yana da illa, illar kuma tana cikin alaƙar da ke tsakanin taurarinsa. A farkon labarin Damon ya kama Caroline Forbes, yarinya 'yar makaranta, yana cizon ta yana shan jininta, sannan ya dubi ƙwayar idonta ya umarce ta ta manta, ita kuma ta riƙa ɗaura ɗan gyale a wuya don ɓoye tabon, tana murmushi a gaban ƙawayenta tana kiran sa saurayinta. Duk wanda ya cire haƙoran da jinin daga wannan hoto zai ga abin da ya rage: babban namiji yana cutar da ƙaramar yarinya, ita kuma tana rufa masa asiri. A farkon zango na 2, da Elena ta ce masa Stefan take so, sai ya karya wuyan ƙaninta a gabanta, kuma wani zobe ne kawai ya dawo da yaron. Duk da haka, wannan Damon ɗin shi ne wanda labarin ya bai wa Elena a ƙarshe, Stefan kuwa, wanda ya fi yaƙi da son zuciyarsa ko da yake shi ma hannunsa ba wankakke ba ne, shi ya mutu a kashin ƙarshe. Darasin da 'yar shekara 15 za ta kwashe shi ne cewa mugunta alamar zafin so ce, kishi mai kai wa ga duka shaidar kulawa ce, kuma aikin mace ne ta yi haƙuri da azzalumi har sonta ya gyara shi. Wannan darasi ya fi kowane surkulle hatsari, domin babu yarinyar da za ta haɗu da mashayin jini a titin Katsina, amma da yawa za su haɗu da saurayi mai halin Damon.

Ga kuma wani abu: kusan babu babba a rayuwar waɗannan yara. Iyayen Elena sun mutu a hatsarin mota kafin labarin ya fara, ƙanwar mahaifiyarta Jenna da ke riƙon ta an kashe ta a zango na 2, kuma sirri daga manya shi ne ƙa'idar zaman kowa. A haɗa da shan giya, da kwanan saurayi da budurwa da aka mayar ba komai ba, sai a ga dalilin da ya sa ko a Amurka aka sa masa alamar cewa bai dace da 'yan ƙasa da shekara 14 ba. Babu mai hankalin da zai ce a sakar wa yara shi. Saɓanin da ake yi da masu zargin yana kan gano cutar ne, saboda uban da ya ɗauka tsafi ne matsalar zai natsu idan ya ga 'yarsa na kallon shirin soyayya marar aljani ko ɗaya, ko da kuwa gubar da ke ciki iri ɗaya ce.

Sun ce a haramta. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da iko a kan wanda ke da ofis da rajista a Kano. Shirin nan kuwa ba ta gaban hukuma yake bi ba. Ta shagon mai turi yake bi, ɗan ƙaramin ɗaki da benci da kwamfuta ɗaya da wayoyin caji a zube, inda yaro zai miƙa waya ko memori a zuba masa zango guda cikin 'yan mintoci, daga nan kuma ya tura wa abokansa ba tare da ko data ba. A watan Mayu na 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shiryen Hausa 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa rashin kai su a tace, amma babu wata takarda da za ta iya aika wa The CW. A 2016 ma an soke shirin gina dandalin fina-finai a Kofa bayan adawar da aka yi masa. Sakamakon shi ne sandar tana sauka a kan na gida, wanda ake iya zama da shi a gyara masa rubutu, na waje kuma yana cin kasuwarsa babu shamaki.

Saboda haka kira na farko ga iyaye ne da yayye da malaman Islamiyya: su san abin da ke cikin wayar yaransu, su hana ƙanana, waɗanda suka tasa kuma suka riga suka kalla a zauna da su a tambaye su me suka gani a halin Damon, kuma wa Caroline za ta kai wa kuka da a gidansu take. Na biyu ga marubutan Kannywood ne, su rubuta wa 'yan sakandare labarinsu na kansu, mai ban tsoro da ban sha'awa, wanda namijin da ya ɗaga wa yarinya hannu ba zai zama angonta a kashin ƙarshe ba.