Ƙwallo da Littafi Ba Kishiyoyi Ba Ne

'Yan'uwa, sau da yawa idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito babu daɗi, iyaye sukan ɗora laifin a kan ƙwallo. A Miga, Jahun da Kiyawa, inda ɗalibi ke raba yininsa tsakanin aji, gona da kiwo, wannan kuka yana da dalili. Amma mu a ganinmu wasa ba shi ne ɓarawon ba.

Yaron da ya motsa jiki da yamma yakan yi barci sosai, ya tashi da hankali a kwance. Wasan gasa kuma yana koya masa zuwa a kan lokaci, bin doka, da haƙuri in an ci shi. Duk waɗannan malamin lissafi ma yana bukatarsu. Abin da ke cinye karatu shi ne zaman gidan kallon ƙwallon Turai har dare ya yi nisa, littafi na rufe a ɗaki.

Sai dai kada mu ruɗi 'ya'yanmu. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, ta ci zinariya a Atlanta a 1996, kuma kowane yaro yana mafarkin haka. To amma Jigawa Golden Stars mutum 11 take sawa a fili, targaɗe ɗaya kuma ya isa ya yanke sana'ar ɗan wasa. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, kiredit biyar take nema har da Turanci da lissafi, ba ta tambayar ƙwallo nawa ka ci.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu su kafa ƙa'ida: wanda bai ci jarrabawar zango ba, ba zai sa rigar makaranta a gasa ba sai ya gyara. A tsayar da atisaye kwana biyu ko uku a mako, a kuma gama gasanni kafin watannin jarrabawa. A ba 'yan mata nasu filin, a raya langa da tsere, waɗanda ba sa cin kuɗi.

Mu iyaye kuma mu daina ƙwace takalmin wasa da fushi. Mu riƙa duba katin sakamako kowane zango, mu san inda yaro yake bayan faɗuwar rana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.