Kifi Na Ganinka Mai Jar Koma

 Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kifi ba wawa ba ne, shi ya sa ya ce kifi na ganinka mai jar koma. Yau ina so mu ɗauki wannan karin magana mu kai ta can nesa, zuwa tekunan ƙasashe masu zafi, inda duwatsun murjani suke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa garai-garai, inda kuma masunci ba koma yake riƙewa ba, mashi ne. Muhawara ake yi a kan wannan sana'a: wasu na cewa a haramta ta, wasu na cewa babu su mai tsafta kamarta. Ni dai ra'ayina shi ne, a bar wa mutane mashinsu, a ƙwace tocila da tukunyar iska.

Bari mu fara da yadda ake yin abin. Masunci zai ja numfashi ya cika ƙirji, ya nutsa, hannunsa riƙe da wani dogon katako mai tsinken ƙarfe da robar da ke cilla shi kamar gwafa. Tsinken nan 'yan mitoci kaɗan yake kaiwa, saboda haka dole mutum ya matso kusa. To a nan gizo ke saƙar. Kifin da ya saba da farauta ba ya bari a matso shi. Sai masunci ya kwanta a kan rairayi ya yi lamo, ko ya laɓe bayan dutse, ko ya kau da kai kamar ba kifin ya kawo shi ba, alhali ƙirjinsa na ta kiran iska. In kifin ya ƙi zuwa, babu yadda zai yi, sai ya haura sama hannu rabbana.

Gwanayen wannan harka su ne mutanen Bajau, waɗanda ke zaune a gaɓar tekun Indonesiya da Malesiya da Filifin, wasunsu a gidajen da aka kafa bisa turaku a cikin ruwa. Da tabarau na katako suke nutso. A shekarar 2018 wata masaniya mai suna Melissa Ilardo da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a tsibirin Sulawesi, inda suka gano cewa saifar Bajau ta fi ta maƙwabtansu Saluan girma da kusan kashi 50 cikin ɗari. Ita saifa, in mutum ya nutsa, matsewa take yi ta sako jini mai ɗauke da iska. Amma duk da wannan baiwa, shi ma Bajau dole ya fito ya shaƙi iska. Numfashi shi ne iyakar da Allah Ya gindaya tsakanin masunci da kifi.

Tsoron da kifi ke ji kuwa har auna shi masana suka yi. Suna nutsawa su nufi kifi, su auna tazarar da yake bari kafin ya arce. A tsibirin Karkar na ƙasar Papuwa Niyu Gini, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa inda ake farauta kullum kifi tun daga nesa yake gudu, inda aka hana kuwa yakan bari a matso. Abin sha'awa, mutanen ƙauyen Muluk da ke tsibirin sun riga masana sanin haka. Sukan rufe wani yanki na murjaninsu na tsawon lokaci, kuma dalilin da suke bayarwa shi ne domin kifi ya saki jiki. Wanda ya san Argungu zai gane dabarar, don ai Matan Fada ma hana su ake yi a cikinta sai ranar biki. A Fiji kuma, binciken 2017 ya nuna cewa ƙaruwar tsoron kifi ta fi raguwar yawansa saurin nuna cewa farauta ta yi yawa. Ashe gudun kifi saƙo ne ga mai hankali: ka sassauta.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce ɗan Adam ya gaji da wannan wasan ɓuya, sai ya nemo hanyar da tsoron kifi ba zai amfane shi da komai ba. Hanya ta farko ita ce tocila. Akwai wani kifi da ake kira kifin aku, saboda haƙoransa a haɗe suke kamar bakin aku. Da rana yana da wayo ƙwarai, da dare kuwa barci yake yi a cikin kogunan murjani. Babban cikinsu, mai ƙullutu a goshi, yakan kai mita 1.3, yakan rayu shekara kusan 40, kuma a garke yake kwana cikin ruwa marar zurfi. Mai tocila sai ya zo ya haska ya soke su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsinkar mangwaro. A tsibiran Solomon, a yankin Roviana, irin wannan farautar dare ta rage shi ainun, kuma tun 2007 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a duniya. Hanya ta biyu ita ce tukunyar iska da ake goyawa a baya. Da ita mutum zai bi kifi har zurfin da ya saba fakewa, ya zauna yadda ya ga dama. Jama'a, wannan farauta ce ko yanka?

Kada a ɗauka asarar ta tsaya ga nama. Kifin aku shi ne mai sharar murjani. Yana kankare gansakukar da ke rufe dutse, ta haka jariran murjani ke samun wurin kamawa. Babban nan mai ƙullutu yakan ci fiye da tan 5 na dutsen murjani a shekara, ya fitar da shi a matsayin farin rairayi. In aka kwashe masu shara, gansakuka ta mamaye, murjani ya mutu, sauran kifaye su rasa gida.

Na san abin da wani zai ce: kai da kake ƙoshe kake hana talaka neman abincin iyalinsa. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma a duba da kyau. Mai cin iyali kifi biyu ko uku ya ishe shi, kuma numfashinsa zai kawo masa su. Wanda ke buƙatar cika kwale-kwale cikin dare guda, ga ƙanƙara yana jira, ɗan kasuwa ne. In murjani ya ƙare, shi ɗan kasuwa gaba zai yi, talakan ne za a bari da ruwa fanko. Ga kuma samarin da ake turawa ƙasa da tiyon injin iska a baki, da yawa sun shanye saboda ciwon da saurin haurowa daga zurfi ke jawowa.

Wani kuma zai ce ai mashi zaɓe yake yi, ba kamar taru ko nakiya ba da ke kashe babba da yaro. Gaskiya ne, shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a haramta shi ba. Sai dai ido babba yake zaɓa, kuma manyan mata su suka fi zuba ƙwai. Zaɓen mashi alheri ne muddin kifi na da damar gudu.

Wasu hukumomi sun gane haka. Samowa ta Amurka ta haramta su da tukunyar iska a 2001, bayan 'yan shekaru da masu farautar dare suka yi suna kwasar kifin aku. Beliz ta hana kama kifin aku a 2009. Tsibirin Guwam ya haramta farauta da tukunyar iska a 2020. Samowa da Guwam ba su karɓe mashin kowa ba, iyakar numfashi kawai suka maido.

Saboda haka ni ina tare da masuncin da ke nutsawa da rana tsaka, ƙirji ɗaya, mashi ɗaya, kifi na ganinsa yana ganin kifi. Wani lokaci ya samu, wani lokaci kifin ya sha. Wanda ya sha ɗin nan shi zai hayayyafa, shi ne abincin baɗi. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah Ya ba mu wadatar zuci, amin. Sai mun sake haɗuwa.