FILIN LAFIYA: Hayaƙin kamiyo, da yadda ake lissafin gubarsa

Da an shiga ɗari, rake ya nuna a fadamun Waca, sai manyan motoci su yawaita. Wasu su yi lodin rake zuwa Damagaram. Wasu su bi ta Magarya ko Dungas. Wasu su kwashi bisashe zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, a Nijeriya. Dukansu gazuwal suke sha, kuma dukansu hayaƙi suke fitarwa ta salansa.

Kowa ya san baƙin hayaƙin nan. Yana sa tari, yana ɓata riga. Amma a cikinsa akwai wata iska wadda ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinta. Likitoci suna kiranta kabon monoksaid. Ita ce iskar da garwashi yake bayarwa a ɗakin da aka rufe. Idan mutum ya shaƙe ta, sai ta shiga jini ta tare gurbin iska mai kyau. Ƙarfin kamunta ga jini ya fi na iska mai kyau fiye da sau 200. Da farko sai ciwon kai. Daga nan jiri, da tashin zuciya, da kasala. In ta yi yawa, mutum ya suma, yana iya mutuwa cikin barci.

Daga ina take fitowa? Inji wuta ce a rufe. Wuta tana son mai, tana kuma son iska. In iska ta wadata, mai ya ƙone sarai. In iska ta gaza, ƙonewa ta tsaya rabi, sai guba ta fita. Mace mai girki ta san wannan. Murhun da aka cunkushe da itace hayaƙi yake yi.

To, yaya ake sanin yawan abin da ba a gani? Ba mai iya bin kowace mota da mudu. Sai masana suka koma ga lissafi, irin na manomi. Manomi ba ya ƙirga tsabar hatsinsa. Yakan sussuka dami ɗaya, ya auna tiya nawa ya bayar, sa'an nan ya ƙirga dammunan da ke rumbu. Haka su ma. Sukan ɗauki inji ɗaya su kai shi ɗakin gwaji, su sa shi aiki, su auna giram nawa na guba ya fitar. Daga nan sai su ƙirga motoci nawa ke bin hanya, da kilomita nawa kowace take yi. A haɗa, a sami jimla. Yanzu kwamfuta ce take wannan aiki. Tsarin lissafin da ake amfani da shi a Turai sunansa COPERT, na Amurka kuma MOVES.

Ga misali da mai karatu zai iya yi a kan allo. A 1992 ƙasashen Turai sun sa wa sababbin manyan motoci iyaka. Inji mai ƙarfin doki 270, in ya yi awa ɗaya yana aiki da dukan ƙarfinsa, kada gubarsa ta wuce giram 900. Wato kusan kilo ɗaya. A 2005 aka ƙara matsa doka, iyakar wannan inji ta sauko giram 300. Ke nan, bisa iyakar doka, tsohuwar mota ɗaya daidai take da sababbi uku. Tsofaffi goma a awa ɗaya, kilo 9. Sababbi goma, kilo 3.

Sai dai dami da dami ba ɗaya ba ne. Na shekarar damina mai kyau daban, na shekarar fari daban. Wancan awo na sabon inji ne, mai lafiya, a ɗakin gwaji. Motocin da ke shigowa karkara yawancinsu sun gama aiki a wata ƙasa kafin su iso nan. An ɗora musu kaya fiye da kima. Ga yashi, ga ramuka. Ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar inji. Duk wannan yana ƙara guba. Lissafin da aka yi domin titin Faransa, in aka kawo shi hanyar Waca ba gyara, ƙarya zai faɗa, kuma ƙasa da gaskiya zai faɗa. Shi ya sa mai lissafi na ƙwarai yakan tambayi shekarun mota, da nauyin kayanta, da gudunta, da tsawon lokacin da take tsaye inji na kunne.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar talaka. Motar da ke gudu a daji, iska tana watsa hayaƙinta. Motar da ke tsaye a tasha ko a bakin kasuwa, inji na kunne, hayaƙinta wuri ɗaya yake taruwa. Kuma a nan ne mai ƙosai take zaune da goyonta. A nan ƴan dako suke lodi. A nan yaron mota yake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi don ya ji ɗumi. Wani direba yakan ƙi kashe inji saboda batirinsa ya mutu, yana gudun turi. Kuɗin batiri ya fi asarar gazuwal sauƙi, balle kuɗin asibiti.

A faɗi gaskiya, injin gazuwal mai lafiya ba ya kai injin fetur fitar da wannan guba, domin yana jan iska da yawa. Amma kada a ce hayaƙinsa ba kome. A watan Yuni na 2012, hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa hayaƙin gazuwal yana jawo ciwon dajin huhu. Gazuwal kuwa bai yi nisa da nan ba, tun da matatar SORAZ ta arewacin Damagaram ta fara aiki a 2011. Mai kyau ne ko na bakin hanya, in inji ya lalace, hayaƙi zai yi.

Saboda haka direba ya kashe inji in ana lodi. Ya riƙa kakkaɓe matatar iska, ya sake ta in ta gaji. Salansar da ta huje a kai ta wurin mai walda, domin ta nan guba take hawa wurin zaman direba da bayan mota. Makiyayi da ke rakiyar shanu, da manomi da ke zaune bisa kayansa, kada su yarda a rufe su ruf da tamfol. Mata masu saida abinci su kafa murhunsu nesa da bakin salansa, ta wajen da iska take busowa.

Masu aikin fadama kuma su ji wannan da kyau. Injin ban ruwa na fetur ya fi kamiyo haɗari in an saukar da shi cikin rijiya ko rami. Gubar ba ta da hanyar fita. Kada kowa ya shiga ramin da inji yake aiki, ko wanda aka kashe injinsa yanzun nan. Haka janareto a shago, haka garwashi a ɗakin kwana.

In mutane biyu ko uku suka kama ciwon kai tare a wuri ɗaya, a zargi hayaƙi. A kashe inji, a fito da su fili maza. Nono ba maganin wannan guba ba ne, ko da ana yawan faɗa. Wanda ya suma kada a ɗura masa kome a baki. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga, a kai shi likita, a kuma gaya wa malamin asibiti cewa hayaƙin inji ya shaƙa.